Ranar da Kawu Illa Ya Wanke Babur

Duk wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar Kawu Illa a Arlit ya san amsar da zai samu. Kai ka ce "Salamu alaikum", daga can cikin gida sai ka ji, "Wa alaikumus salam. An wanke?" Takalminka yake nufi. Bokiti na nan a bakin zaure da tsumma a rataye, kuma ko kai wane ne sai ka duƙa. Liman ya duƙa, jandarma ya duƙa, har wani Alhaji daga Katsina mai sabon takalmin fata sai da ya duƙa yana ƙunƙuni. Shi ya sa 'yan gari suka laƙaba masa Illa Labaj, wato wurin wankin motoci, kuma ko a jikinsa.

Ni Salifu ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na tashi, don haka na fi kowa shan wanki. Kawu mutumin Adar ne, ya zo garin nan yana saurayi, ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana gyaran wuta a ramin yuraniyam, can ƙarƙashin ƙasa. Su goma sha ɗaya ne a ƙungiyar aikinsu. In ya zauna da yamma yakan lanƙwashe yatsu ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu, kowane suna ya bi shi da kalma guda, "Tari." In ya gama saura biyu, shi da Aghali, wani Ba'abzine da ya bar aiki ya koma lambu a wani kwari nesa da gari. Ko ƙurar ramin ce ta kashe su, ni ba likita ba ne. Kawu dai ya riga ya yanke hukunci, ya kuma ɗaura yaƙi da ƙura da bokiti ɗaya da tsumma.

Bari in ba ku labarin jana'izar tukunya. Matarsa, Inna Hajo, ta sayo wata tukunya a kasuwa, irin wadda maƙera ke bugawa daga tsofaffin ƙarafan kamfani. Kawu ya juya ta, ya ga sauran fenti ruwan ɗorawa a gindi, sai ya miƙe tsaye.

"Hajo, kin san wanga ƙarhe? Ni na san shi. Tare munka yi aiki."

"To ku gaisa mana, ni dai tuwo zan tuƙa."

Ya naɗe tukunyar a buhu, ya saɓa shebur, ya nufi bayan gari, mu kuma muna biye muna dariya. Ya haƙa rami har gwiwa, ya binne ta, ya jera duwatsu a kai. Da ya dawo Inna ta ce ko za a yi zaman makoki ne ta jiƙa gero. Ya ce, "Yi dariyarki. Gara in binne tukunya da tukunya ta binne ni." Ranar nan da fura muka kwana.

Amma babban abin shi ne tanon, wato duron ƙarfen nan shuɗi da ke kusurwar ɗakinsa da kwaɗo a baki. Kawu ya ce ruwan garin nan daga ƙarƙashin ma'adini yake fitowa. Yana sha don dole, yana wanki da shi don babu wani, amma ya rantse ba za a yi masa wankan gawa da shi ba. "Ƙura ta ci ni da rai," in ji shi, "ba ta bi na kabari." Saboda haka kowace shekara yakan tafi rijiyar Aghali ya sabunta ruwan tanon. Ko lokacin tawaye, da ake binne nakiya a hanya, direbobi suna tsoron fita gari, Kawu ya ari jaki ya tafi. Muka ce zai mutu a hanya. Ya ce ai shi ya sa yake sauri, kada mutuwar ta iske tano babu ruwa.

Wata shekarar fari famfo ya ɗauke kwana huɗu. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinsa da kwano a hannu, leɓenta duk ya tsage.

"Malam, kwano ɗaya. Na girki."

"Wanga ruwan gawa na, Hajo. In kina so, ki rigaye ni."

"Da ƙishirwar nan ai na kusa!"

Wallahi bai buɗe ba. Ya fita cikin rana tsaka ya yi layi a wani famfo can ƙarshen gari, yana tari, ya dawo mata da bido, wato jarkar ruwa, a kafaɗa. Amma kwaɗo bai motsa ba.

Daga baya abubuwa suka lalace gaba ɗaya. Aka rufe rami guda, aka sallami mutane, unguwanni suka koma kufai, ƙofofi a kulle, awaki na kwana a barandar injiniyoyi. Ni kabu-kabu nake yi, wato acaba, kuma kabu-kabu ba ya tafiya sai da wanda zai hau. Sai kuma aka rufe iyakoki, fetur ya ɓace, masu bindiga suka dawo kan hanyoyi. Na sayar da tsohon babur ɗina na karɓi na lantarki a wajen wani ɗan kasuwa Bakano, irin wanda ake cika batirinsa da sola, injinsa kuma yana cikin cibiyar ƙafar baya. Ranar da na kawo shi Kawu ya zagaya shi sau biyu, ya kasa kunne.

"Ka kunna shi?"

"Yana kunne, Kawu."

"Moto da ba shi tari, ba shi hayaƙi? To ya hi ni lahiya."

Gaskiya ya faɗa. A lokacin tarin ya riga ya kama shi sosai. Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya ce a kai shi gida a riƙa ba shi abin da yake so. Kawu ya ce abin da yake so yana kusurwar ɗakinsa da kwaɗo a baki.

To ga yadda abin ya faru. Wata Talata na ɗauko wa wani mai gwangwan kaya daga jujin da ke bayan shingen kamfani, babur ya yi furu-furu da ƙura. Daga nan na wuce makaranta na ɗauko 'yata Hadiza, shekararta biyar. Muka biya gaida Kawu. Ina cire takalmi, ita kuma ta tsaya tana zana kaza da yatsa a jikin babur, ta gama ta sa yatsan a baki. Ni ban ɗauke shi komai ba. Kawu yana kan tabarma yana kallo.

"Daga ina kake?"

Na faɗa masa. Famfo kuwa ranar kwanansa uku a bushe, har bokitin ƙofa babu ko ɗigo.

Na kai yarinya wajen uwarta, na dawo na kishingiɗa a zaure saboda rana. Da na farka bayan azahar sai ga babur a tsakar gida yana ƙyalli kamar ranar da aka sauke shi daga mota, ƙasa ta jiƙe jagab a ƙarƙashinsa. Kawu yana zaune a gefe, rigarsa sharkaf, yana numfashi da ƙyar. Na ruga na murɗa makulli.

"Kak ka kunna!"

Ina! Na riga na murɗa. Fitila ta kawo, ƙafar baya ta yi wata zabura, wani abu ya ce ɗas, shi ke nan komai ya mutu.

Abin da na faɗa masa ranar har yau yana ci mini rai. Na ce ya kashe mini abincin iyalina. Na ce ƙurar da yake gudu ta daɗe da shiga kansa. Mutumin da ya rene ni! Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "A rami da tiyo muka wanke injuna, kullum, suna aiki." Ina cikin faɗa Inna Hajo ta kama hannun rigata ta ja ni ƙofar ɗakinsa, ta nuna kusurwa. Kwaɗo a buɗe, tano a karkace, babu komai a ciki sai ɗan danshi a gindi.

Sai da na zauna a ƙasa. Ruwan da ya hana matarsa kwano ɗaya, shi ya juye kaf a kan babur saboda yatsan Hadiza.

Na tashi na shiga gari neman yadda za a cika tanon. Babu mai mota da zai ƙona fetur ɗinsa ya fita daji a irin wannan lokaci. Jakunan unguwa fari ya gama da rabinsu, sauran ko kansu ba sa iya ɗauka. Aghali ma raƙuminsa ya mutu. Abu ɗaya ne a duk saninmu zai iya zuwa rijiyar nan ya dawo da bido biyu a yini guda, shi ne wanda ke tsaye a tsakar gida a mace. Kawu kuma kullum numfashinsa raguwa yake.

Washegari ya sa aka jawo tabarmarsa inuwar bango, ya ce in ɗauko akwatin kayan aikinsa. Hannunsa ya daina riƙe abu da ƙarfi, don haka shi ne baki, ni ne hannu.

"Hidda batir tukuna. Jiƙaƙƙen abu ba a tambayar shi komi sai ya bushe."

Na cire batir, na kwance duk murafe, na zare wayoyi daga mahaɗinsu, na shanya komai a rana. Ya miƙo mini tsohuwar na'urarsa ta awon wuta, mai allura. Na ɗora a kan batir, allura ta tashi tsaye. Ya ce, "Zuciya na nan." Muka bi waya har muka iske fis ya ƙone baƙi ƙirin. Na ce bari in ɗaura 'yar waya a wurin kamar yadda kowa ke yi. Ya harare ni.

"Wanga ɗan abu ya mutu don kowa shi tsira, kai kuma kana son ka sa wanda ba shi mutuwa? Tahi ka nemo irin shi."

Na samo wani a jikin tsohuwar bas ɗin ma'aikata da ke yashe a gareji. Ina shigowa da shi a tafin hannu sai na ji, "An wanke?"

"Haba Kawu! Ai wankin ne ya kawo mu nan!"

Inna ta fashe da dariya daga madafa har tana riƙe ciki. Shi ma sai da ya murmusa. Ya ce to a goge da alkol, wato sifirit.

Rana ta biyu muka duba mahaɗan wayoyi. Har sun fara yin wata tsatsa kore-kore. Ya sa na goge su ɗaya bayan ɗaya da alkol da buroshin haƙora, wanda daga baya muka gane na Inna ne. Ya sa na buɗe ɗan akwatin da ke raba wa inji wuta, ya kai hanci ya shinshina, ya ce babu ƙauri, wannan ya tsira. Da yamma muka haɗa komai, muka ɗaga ƙafar baya a kan turmi. Na murɗa. Fitila ta kawo, na yi kabbara. Amma ƙafar sai ta yi gurnani, ta yi karkarwa gaba da baya, ta ƙi juyawa.

"Kashe. Ruwa na ciki."

Rana ta uku na kwance ƙafar, na sassauta kusoshin cibiya. Ina ɗaga murfin sai ga ruwa ja yana tsiyaya.

"Tara! Tara! Kak ka zubar, ruwana na!"

Na tara a kofin shayi, ya kusa cika. Ya sa aka ajiye masa a gefen matashi. Sannan ya karɓi robar da ke toshe bakin murfin, ya ɗaga ta sama yana dubawa. Siririya ce kamar ɓawon albasa, ta ma tsage a gefe. Ya daɗe yana juya ta.

"Wanga ba inji ba na, kwando na. A rami ba haka aka yin su ba." Ya yi tari mai tsawo, ya share baki. "Ban duba ba, Salihu. Ya kamata in duba."

Tun da nake ban taɓa jin Kawu ya ce ya yi kuskure ba. Na so in ce ni ne da neman gafara, amma sai na ci gaba da goge tsatsa daga jikin maganaɗisu kamar ban ji ba.

Ya ce injin zai sha rana kwana biyu cur, a buɗe, a rufa masa mayafi mai shara-shara saboda ƙura. A nan ne na kasa haƙuri. A lokacin ko kunu ba ya wucewa, leɓensa ya yi duhu, magana ɗaya sai ya huta sau biyu. Na ce in kara shi kusa da murhu ya bushe da wuri. Ya ce zafin wuta zai kashe maganaɗisu. Na ce to mu rufe gobe.

"Kawu, ba mu da kwana biyu."

"Ni ka mutuwa, ba kai ba, kuma na ce a jira."

Muka jira. Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irin waɗannan ba. Ina zaune tsakanin inji da mutum, in taɓa wannan in ji ko ya bushe, in dubi wancan in ga ko ƙirjinsa na motsi. Inna ta daina tsokanarsa, abin da ya fi komai ba ni tsoro ke nan.

Da kwana biyun suka cika ya nuna mini wasu 'yan abubuwa uku baƙaƙe a cikin injin, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Ya ce su ne idanun inji, su ke gaya wa akwatin inda ƙafa take, in ɗaya ya makance sai gurnani. Na haɗa wayoyinsu, na ɗora awo, ina juya ƙafar a hankali da hannu. Na farko allura ta yi sama ta yi ƙasa. Na biyu haka. Na uku ko motsi.

"Ga makahon nan."

Na ruga wajen Bakanon nan. Yana da wani babur irin nawa da mota ta take, ya ce in ciri abin da nake so, Allah ya ba Baba lafiya. Na kawo, na ɗora ƙarfen dalma a garwashi. Ƙafafun abin uku ne, sirara kamar gashi, na kasa daidaita ƙarfen a kansu. Kawu ya ce a tayar da shi zaune. Inna ta tallafe bayansa. Ya karɓi ƙarfen, kuma na rantse muku hannun nan da ya kasa riƙe cokali sai ya tsaya cak. Ɗis, ɗis, ɗis. Ya sake ƙarfen ya faɗi, ya koma jikin Inna yana haki.

Na rufe murfin, na shafe bakin da gam kamar yadda ya ce, na mayar da ƙafar, na ɗora kan turmi. Na dube shi. Ya ɗaga gira. Na murɗa, sai ƙafar ta ɗauki juyi, sumul, babu ko ƙara, sai iska.

"To," in ji Kawu. "Shi ya tashi. Saura ni in kwanta."

Na bar batir a sola har rana ta faɗi. Da asuba bayan salla na ɗaure bido biyu, na leƙa ɗakinsa. Idonsa biyu. Ya ce in bi ta gabas, kada in bi ta juji. Na ce to. Na ce, "Kawu, maganar da na faɗa ranar nan..." Ya ɗaga hannu. "Tahi, rana na yi."

A shingen sojoji suka dubi bidunan, suka ce wa ke fita daji ɗibar ruwa a wannan zamani. Na faɗa musu gaskiya. Babbansu ya ɗaga igiya. Na wuce wata babbar mota da aka ƙona a gefen hanya, na wuce ƙasusuwan dabbobi, ban haɗu da mai rai ko ɗaya ba har kwarin Aghali. Lambun ya bushe saura dabino uku. Tsohon ya fito da rawaninsa, ya ga biduna, bai tambaye ni komai ba sai, "Illa ta kusa?" Na ce ya kusa.

Rijiyar ta ja ƙasa sosai. Guga ɗaya, sai a jira ruwa ya tsattsafo. Aghali ya hana ni taɓa igiya, shi ya ja da kansa har bidunan suka cika, rana ta take tsaka ta karkata. Da zan tafi ya riƙe kan babur. "Ka gaya ma shi, saura ni ɗaya. Ba kyau haka."

Da nauyin ruwa batir bai kai ni gida ba. Ina hango hasumiyar masallacin unguwarmu ya mutu, na sauka na tura. Ana kiran la'asar na shigo layinmu, sai na ga tabarmi a ƙofar gida, maza zaune, takalma a jere. Ban san lokacin da na tsaya ba.

Tun hantsi Kawu ya cika. Liman ya so a yi masa sutura kafin azahar kamar yadda aka saba, famfo ma ya kawo ranar, an tara bokitai. Inna Hajo, matar da ta shekara arba'in tana yi wa tanon nan ba'a, ita ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta miƙe ƙafa. Ta ce babu mai taɓa shi sai Salifu ya dawo, wanda ke gaggawa ya tsallake ta. Babu wanda ya tsallake.

Ni da Liman muka yi masa wanka da ruwan rijiyar Aghali, mai sanyi, babu ko gurɓata. Ya rame har ina jin tsoron juya shi. Ruwan ya isa, har ya yi saura. Kofin shayin nan na jan ruwa kuwa na tafi da shi maƙabarta na yayyafa a kan kabarin, tunda ya ce nasa ne.

Lokacin da muka fito da shi daga ɗaki a naɗe, gida ya yi tsit. Sai muryar Inna daga bayan labule, a dishe, ba ta ko kira sunana ba.

"An wanke?"

Na ce, "An wanke, Inna."

Babur na nan har yau ina aiki da shi, da tsumma mai ɗan danshi nake goge shi, kuma ban ƙara bi ta juji ba. Bokitin Kawu yana ƙofar gidana yanzu, Hadiza ce ke tsare baƙi.

Allah Ka jiƙan Kawu Illa. Mu mun wanke abin da hannunmu ya kai, Ka wanke masa abin da ruwanmu bai kai ba. Ka buɗe masa ƙirji ya shaƙi iska mai tsabta, shi da abokan raminsa tara da suka riga shi. Ka yafe mini maganar da bai bari na ƙarasa neman gafararta ba. Amin.